Gay-Lussac: Masanin da ya mayar da ingancin haja abin lissafi

Hausawa kan ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Duk macen da ta saba girka miyar yakuwa ta san gaskiyar wannan zance. Idan kanwa ta yi kaɗan, tsami yana nan. Idan ta yi yawa, miya ta ɓaci. Tsakanin kaɗan da yawa akwai wata gaɓa da kanwa ke cinye tsami daidai wa daida, ba ragi ba ƙari. A kan wannan gaɓa masana kimiyyar sinadarai suka gina ɗaya daga cikin hanyoyin awo mafi amfani a duniya. Idan an san ƙarfin kanwar, aka kuma auna yawan da tsamin ya ci kafin ya mutu, to an san ƙarfin tsamin.

Wanda ya gyara wannan hanya har ta zama abin dogaro ga masu masana'antu da 'yan kasuwa da hukumomi shi ne wani Bafaranshe, Joseph Louis Gay-Lussac, wanda ya rasu fiye da shekara 170 da suka wuce. Ɗaliban sakandare sun fi saninsa da dokokin iskar gas. Sai dai aikinsa da ya fi taɓa aljihun jama'a shi ne wanda ya yi a kan awon ingancin haja.

Haihuwa da tasowa

An haife shi ranar 6 ga Disamba, 1778 a Saint-Léonard-de-Noblat, wani ƙaramin gari a yankin Limousin da ke tsakiyar Faransa. Mahaifinsa, Antoine Gay, lauya ne kuma mai gabatar da ƙara a madadin sarki. Lussac sunan wani ƙauye ne inda iyalin ke da gonaki, shi aka liƙa wa sunansu domin a bambanta su da sauran masu amsa sunan Gay a yankin.

Yana ɗan shekara 10 juyin juya halin Faransa na 1789 ya ɓarke. Duk wanda ya yi wa sarki aiki ya zama abin zargi, don haka mahaifinsa ya rasa muƙami, daga baya ma aka tsare shi. Gidan da ya saba da wadata ya shiga ƙunci. A 1794 aka tura yaron birnin Faris neman ilimi, a lokacin da abinci ke wahalar samu a birnin. A 1797 ya ci jarrabawar shiga École Polytechnique, sabuwar makarantar da gwamnati ta kafa domin horar da injiniyoyi. Ya kammala a 1800, ya wuce makarantar koyon gina gadoji da hanyoyi.

Bai daɗe a can ba Claude Louis Berthollet, ɗaya daga cikin manyan masanan sinadarai na zamanin, ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin bincikensa da ke Arcueil, bayan garin Faris. Berthollet mutum ne mai ido kan masana'antu. Shi ya fito da dabarar farantar da tufafi da sinadarin kilorin, kuma lokacin da ya bi Napoleon zuwa Masar ya yi nazarin tafkunan kanwa na ƙasar. A hannunsa Gay-Lussac ya koyi cewa ilimin ɗakin bincike da sana'ar masaƙa da masu sabulu ba hanya daban-daban suke bi ba.

Shekarun suna

A 1802, yana ɗan shekara 23, ya nuna cewa nau'o'in iskar gas suna buɗewa da gwargwado ɗaya idan an ɗumama su. A watan Agustan 1804 shi da Jean-Baptiste Biot suka hau balan-balan mai tashi da iskar haidurojin, suka kai kimanin mita 4,000 sama. Ranar 16 ga Satumba ya sake hawa shi kaɗai, ya kai mita 7,016, cikin tsananin sanyi da ƙarancin numfashi. Ya sauko da kwalabe cike da iskar can sama, ya gwada ta, ya tarar haɗinta ɗaya ne da na iskar ƙasa. An yi kusan rabin ƙarni kafin wani ya zarce wannan nisa.

A 1805 shi da Bajamushe Alexander von Humboldt suka tabbatar cewa awo biyu na haidurojin ke haɗuwa da awo ɗaya na iskar oksijin su ba da ruwa. Daga nan ya faɗaɗa binciken, a ƙarshen 1808 ya gabatar da dokar da ta fi ɗaukaka sunansa, wato cewa iskokin gas suna haɗuwa ne bisa rabo mai sauƙi, kamar ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, ko ɗaya da uku. John Dalton na Ingila bai yarda da ita ba, amma Amedeo Avogadro na Italiya ya ɗora bayaninsa a kanta a 1811.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A 1808 sinadarin fotasiyam ya fashe masa a ɗakin bincike, ya ji rauni a ido, ya yi makonni yana jinya. A wannan shekara dai shi da abokinsa Louis Jacques Thénard suka ware sinadarin boron. A 1809 ya auri Geneviève-Marie-Joseph Rojot, wadda ya gamu da ita tana aiki a kantin yadi tana kuma karanta littafin kimiyyar sinadarai. Sun haifi 'ya'ya biyar.

Daga 1813 ya duƙufa kan wani sabon sinadari da Bernard Courtois ya gano a tokar ciyawar teku. Shi ya raɗa masa sunan da ya zama aidin, daga kalmar Girkanci mai nufin launin shunayya, saboda kalar tururinsa. Humphry Davy na Ingila ma ya yi aiki a kansa a lokaci guda, aka yi ta ja-in-ja kan wanda ya riga wani. A 1815 ya nuna cewa akwai asid mai dafi da babu oksijin a cikinsa ko kaɗan, abin da ya ƙara rusa tsohuwar fahimtar Antoine Lavoisier cewa oksijin ne tushen kowane asid. Ke nan kafin ya fara auna ƙarfin asid, ya riga ya san halinsa ciki da waje.

Matsalar da ke damun kasuwa

A farkon ƙarni na 19 masana'antun sabulu da gilashi da rini da albarushi na Faransa sun dogara da sinadarai dangin kanwa, waɗanda masana ke kira alkali. Kalmar ba ta da dangantaka da alƙalin kotu. Ta fito ne daga sunan da Larabawa ke kiran tokar wasu tsirrai. Nau'i biyu suka fi shiga ciniki: fotash, wanda ake tacewa daga tokar itace kamar yadda matanmu ke tace ruwan toka, da kuma soda. Fotash mai yawa daga Amurka da Rasha ake shigo da shi cikin ganguna.

Ganga biyu za su iya zuwa da nauyi ɗaya da kala ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya ƙarfi. Wani lokaci daga tokar ne, wani lokaci kuwa algus ne, an cuɗa gishiri ko yashi. Mai saye ba shi da abin dubawa sai ido da harshe, kamar yadda fataken kanwa ke bambanta ungurnu da jar kanwa. Sai an kai kaya masana'anta, sabulu ya ƙi haɗuwa ko gilashi ya fito da tabo, sannan a gane an yi asara, alhali mai kaya ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Masana na iya tantance kayan ta hanyar narkarwa da tacewa da busarwa da ɗorawa a sikeli, amma wannan aiki ne na kwanaki, kuma sai ƙwararre. Ciniki kuwa ba ya jira.

Cikin waɗanda suka nemi mafita akwai François Descroizilles, masanin haɗa magunguna da ke aiki a birnin Rouen, cibiyar masaƙu. A 1806 ya fito da wani bututun gilashi mai zane-zanen ma'auni. Ana cika shi da asid, a riƙa tsiyayawa cikin ruwan fotash har sai ruwan wani fure da ake gwadawa da shi ya sauya kala. Dabarar ta yi kyau, amma awon na kintace ne, domin bakin bututun yana da faɗi, da wuya a tsayar da zuba a daidai inda ake so.

Gyaran da ya kawo

A 1824 Gay-Lussac ya wallafa umarni kan yadda za a auna ƙarfin hodar farantar da tufafi. A nan ya gabatar da kayan aiki biyu da har yau ake kiran su da sunayen da ya yi amfani da su. Na farko shi ne fifet, siririn bututu mai tumbi a tsakiya, wanda ke ɗaukar awo ɗaya tak na ruwa kowane lokaci. Na biyu shi ne buret, dogon bututu mai ma'auni. Irin nasa yana da siririn hanci da ya taso daga gindi, kamar na buta, ana karkata shi ruwa ya riƙa fita ɗigo-ɗigo.

A 1828 ya fitar da maƙala kan gwajin fotash ɗin da ake sayarwa a kasuwa. Ya tsara yadda za a haɗa ruwan asid ɗin salfa wanda aka san ƙarfinsa daidai, a ajiye shi a matsayin ma'auni. Ya yi amfani da litmos, wani rini da ke zama ja a cikin asid, shuɗi a cikin alkali, a matsayin shaida. Ya kuma ari kalmar maƙeran zinariya da azurfa, titre, wadda ke nufin gwargwadon tsantsar ƙarfe a cikin haɗi, ya mayar da ita sunan aikin. Daga ita aka samo sunan da ake kiran hanyar a harsunan Turai. A Hausa ana iya kiran ta awon ɗigo.

A maƙalar tasa, asid ne sananne, alkali ne ake bincike. Idan aka juya, aikin ɗaya ne. Ga yadda ake yi. Mai awo zai ɗebi asid ɗin da ba a san ƙarfinsa ba da fifet, a ce mililita 25, ya zuba a kwalba mai siririn wuya, ya ɗiga sinadarin shaida. Sai ya cika buret da ruwan soda mai ƙuna wanda ya san ƙarfinsa, a ce giram 4 a kowace lita. Zai riƙa sakin sodar yana jujjuya kwalbar. Duk ɗigon da ya faɗa, asid zai cinye shi, su zama ruwa da gishiri. Yayin da asid ya kusa ƙarewa, kalar za ta riƙa gilmawa tana ɓacewa, sai ya rage hannu. Ɗigo ɗaya ne zai juya kalar ta tsaya. Nan ne kanwa ta kar tsami, sai ya karanta ma'auni.

A ce buret ta nuna an ci mililita 20. Tunda lita ɗaya na ɗauke da giram 4, mililita 20 na ɗauke da giram 0.08 na soda. An kuma sani cewa giram 40 na soda mai ƙuna ke kashe giram 36.5 na asid ɗin haidurokilorik, irin wanda cikin ɗan Adam ke narkar da abinci da shi. Ke nan giram 0.08 ya kashe giram 0.073. Wannan shi ne abin da ke cikin mililita 25. A ninka sau 40, lita ɗaya na ɗauke da giram 2.92. Ana maimaita awon sau biyu ko uku har sakamako ya yi daidai da juna. Sauyin kalar ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: duk wanda ya jefa kanwa cikin ruwan zoɓo ya ga yadda jan ke rikiɗewa ya yi duhu.

Muhimmancin gyaran Gay-Lussac shi ne ya ɗauke wahalar daga kan mai awo ya ɗora ta kan kayan aiki da ruwan ma'auni. Ƙwararre zai haɗa ruwan sau ɗaya, sauran aikin kuwa ma'aikaci mai natsuwa zai iya yin sa cikin mintoci, a masana'anta ko a ɗakin ajiyar kaya. Idan mai saye da mai sayarwa suka yi gardama, kowa na iya sake awon ya samu lamba ɗaya. Farashi ya koma bin ƙarfin haja maimakon nauyin ganga, mai zuba yashi kuma ya rasa riba.

A hidimar hukuma

Gwamnati ta ga amfaninsa tun da wuri. A 1818 aka sa shi cikin hukumar kula da albarushi. A 1824 wata doka ta amince da ma'aunin da ya ƙirƙira na gane kason barasa a cikin ruwa, domin a karɓi haraji bisa ƙa'ida ɗaya a faɗin ƙasa, ba bisa ganin damar jami'i ba.

A 1829 aka naɗa shi babban mai gwajin ƙarafa masu daraja a gidan buga kuɗi na Faris. Tun zamanin da, ana gwada azurfa ne da wuta: a narkar da ita tare da dalma a cikin ɗan kasko, kaskon ya tsotse dalmar da dauɗa, a auna abin da ya rage. Amma kaskon kan sha wani ɗan kaso na azurfar, don haka sakamakon yakan fito ƙasa da gaskiya. Ma'anarsa, ana zuba wa kuɗin ƙasa azurfa fiye da yadda doka ta tanada, masu wayo kuma suna cin gajiyar bambancin. Gay-Lussac ya kawo awon ɗigo nan ma. Ya narkar da azurfar a asid, ya riƙa zuba ruwan gishiri sananne. Kowane ɗigo yakan haifar da farin gajimare, idan gajimaren ya daina fitowa, azurfa ta ƙare. Gwamnati ta karɓi hanyar, ya wallafa cikakken umarninta a 1832, gidajen buga kuɗi na wasu ƙasashe kuma suka bi sahu. Wannan nasara ce ta sa masanan da ke kallon awon ɗigo a matsayin aikin 'yan masana'anta suka fara ɗaukar sa da daraja.

Ya kuma yi aiki da kamfanin gilashi na Saint-Gobain, har ya shugabanci hukumar gudanarwarsa. A 1827 ya tsara wata hasumiya da ke kama iskar da ke tserewa wajen haɗa asid ɗin salfa, a sake amfani da ita maimakon ta gurɓata unguwa. Masana'antar kamfanin da ke Chauny ce ta fara aiki da ita, hasumiyar kuma ta ci gaba da amsa sunansa.

A fagen koyarwa ya riƙe kujerar farfesa a Sorbonne da Polytechnique, daga 1832 kuma a gidan adana tarihin halittu na Faris. Tun 1816 shi da François Arago ke shirya babbar mujallar kimiyyar sinadarai ta ƙasar. Cikin matasan da suka koyi aiki a ɗakin bincikensa akwai Justus von Liebig, wanda daga baya ya zama jigo a kimiyyar takin zamani. A 1831 jama'ar yankinsu na Haute-Vienne suka zaɓe shi ɗan majalisa, a 1839 Sarki Louis-Philippe ya naɗa shi a majalisar dattawa.

Wannan tarin muƙamai ya jawo masa suka. Wasu sun zarge shi da haɗa albashi da yawa a hannu ɗaya alhali matasan masana na neman gurbi, wasu kuma sun ga kamar ya bar zurfafan tambayoyin ilimi ya bi kuɗin masana'antu. Gaskiya ne cewa manyan dokokinsa duka ya fitar da su ne kafin ya cika shekara 40. Wanda ya ga yadda gidan mahaifinsa ya rushe dare ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya so ya kafa nasa a kan tudu. Amma aikin rabin rayuwarsa na biyu bai gaza na farko amfani ba.

Rasuwa da abin da ya bari

Gay-Lussac ya rasu a Faris ranar 9 ga Mayu, 1850, yana da shekara 71. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Sunansa na cikin sunaye 72 na masana da injiniyoyi da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗora a kan aikinsa. Bajamushe Karl Friedrich Mohr ya tsayar da buret a miƙe, ya sa mata matsewa a ƙasa domin a riƙa sakin ɗigo da yatsu biyu, a 1855 kuma ya wallafa littafin da ya tattara hanyoyin awon ɗigo wuri guda. Daga baya aka samu rinayen shaida da suka fi litmos kaifi. A yau akwai na'urori masu sakin ɗigon da karanta sakamako da kansu, amma tushen lissafin bai sauya ba.

Ɗalibin kimiyya da ke zana jarrabawar WAEC ko NECO yakan tsaya gaban buret da fifet a gwajin aikin hannu, yana jiran ɗigon da zai juya kala. Da wannan hanya ake auna tsamin da ke cikin manja da man gyaɗa domin a gane ko mai ya fara lalacewa, abin da ke shafar farashinsa wajen masu saye da yawa. Da ita ake duba tsamin madara da lemon kwalba, da ƙarfin magunguna da dama. Har gishirin girki, da awon ɗigo ake tabbatar da cewa an sa masa isasshen aidin, sinadarin da Gay-Lussac ya raɗa wa suna.

Ɗan kasuwa ya san darajar mudu da sikeli, ya kuma san irin ɓarnar da tauye su ke yi. Sai dai mudu yawa kawai yake faɗa, ba ya faɗin abin da ke ciki. Wannan giɓi ne Gay-Lussac ya cike. Hanyarsa tana da sharaɗi biyu: ruwan ma'auni ya zama na gaskiya, mai karanta buret kuma ya rubuta lambar da ya gani. Na farko aikin masani ne. Na biyu yana wuyan jami'in da aka damƙa wa amanar awo.